Amsoshin Tambayoyinku: Dutsen Yashin Yamai, Wanne Ne Na Gini?

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Harobanda, nan Yamai. Ambaliyar 2020 ta ci mana ɗakunan ƙasa biyu, shi ya sa na nemi fili can wajen tuddai, ina son in yi harsashi da dutse don kada a maimaita. Amma duwatsun wurin sun rikita ni. Wani in ka murza shi da yatsa sai ya zube, wani kuma guduma ma tsalle take yi a kansa. Magini ya ce duk marmara ce. Ɗana da ke lise ya ce malaminsu ya gaya musu dutsen yashi ne, irin wanda ake haƙo yuraniyom a cikinsa a Arlit. Wai da gaske yashi yana zama dutse? Ana gini da shi? Kuma ba ya cutar da mutum? (Daga wani mai karatu a Harobanda)

AMSA: Allah ya mayar da alherin abin da ruwa ya ci, ya kiyaye gaba. Duk wanda ya ga yadda kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai cikin watan Satumban 2020, ya kuma ga abin da ya samu mutanen Lamorde da Karaje da Kirkisoye, ba zai yi mamakin magidancin da ya ƙudurta cewa ɗakinsa na gaba a kan dutse zai zauna ba.

Magininka da ɗanka kowa ya kama wani gefe na gaskiya. Jan ɓawon nan mai tauri da ya rufe kan tuddan marmara ce, kamar yadda magini ya faɗa. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa dutsen yashi ne, kamar yadda malamin lise ya faɗa. Sai dai dutsen yashi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan rikicin naka yake. Akwai wanda ya fi kankare ƙarfi, akwai wanda ruwan damina ɗaya ke mayar da shi gari. Abin da ya raba su shi ne abin da ya riƙe ƙwayoyin yashin, da kuma yawan gurbin da ya rage a tsakaninsu. In ka gane wannan, sauran tambayoyinka duk za su warware, har da ta yuraniyom.

Bari mu fara daga asalin yashin. In ka bi hanyar Tera ko ta Torodi, yamma da kogi, za ka ga manyan duwatsu masu ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ja-ja, waɗanda ake kira giranit. Su ne tushen ƙasar Liptako, kuma sun haura shekara miliyan 2,000. Giranit haɗin ma'adinai ne iri-iri. Rana ta gasa shi, sanyin dare ya tsuke shi, ruwan sama ya bi tsagoginsa yana cinsa a hankali. Yawancin ma'adinan ba su jure wannan wahala, sai su ruɓe su koma laka. Guda ɗaya ne mai taurin kai, wato ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz. A ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa 10, kwaz na hawa na 7, ƙarfen wuƙa kuwa da ƙyar yake kai wa 6. Saboda haka idan sauran sun narke sun tafi, kwaz yakan rage ƙwaya-ƙwaya. Yawancin yashin da ka sani, na kogi da na kori da na Tenere, wannan kwaz ɗin ne. Masana sun ma yanka masa iyaka: ƙwayar da ta kama daga kashi 1 cikin 16 na milimita zuwa milimita 2 ita ce yashi. Abin da ya fi haka girma tsakuwa ce, abin da bai kai ba kuma turɓaya ce ko laka.

Ruwa da iska su ke kwasar yashin su kai shi inda ƙasa ta yi kwari. Gabas da kogin Isa akwai wani makeken kwari da masana suka raɗa wa sunan Buzayen Iwillimidan. Ya faro daga gabashin Mali, ya haɗiye yawancin yammacin Nijar, ya gangara har Sakkwato da Kabi. Shekaru aru-aru ƙasan wannan kwari tana nutsewa sannu a hankali, koguna suna zuba masa yashi da laka, wani lokaci ma teku ta shigo ta janye. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza da Kalambaina ragowar waccan tekun ce. Hawa bisa hawa kaya suka taru, har a wasu wurare kaurinsu ya haura mita 1,000. Yashin da ya samu kansa a can ƙasa yana ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansa, sai ƙwayoyin su matsu, su shige jikin juna.

Matsi kaɗai ba ya mayar da yashi dutse. Kai da ka sa aka buga maka bulo ka san wannan: yashi ɗaya ne, amma bulon da aka cika wa siminti daban, wanda mai bugu ya yi wa rowa daban. Na farko in ya faɗi ƙasa sai dai ya yi ƙara, na biyu kuwa tun a hannun lebura yake fara zubewa. A cikin ƙasa ruwa ne mai kawo simintin. Yana bin ƴan gurabun da ke tsakanin ƙwayoyin ɗauke da narkakkun ma'adinai, yana ajiye su kaɗan-kaɗan a inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya, har su manne.

Mannin da ya fi kowane ƙarfi shi ne wanda kwaz ɗin kansa ya narke ya sake daskarewa a kan ƴan'uwansa. Irin wannan dutse yakan zama fari ko toka-toka, in ka fasa shi tsagar ba ta kewaye ƙwayoyin, ratsa su take yi ta tsakiya, bakinta ya fito da kaifi. Sai mai mannin tsatsar ƙarfe, wanda ke ba da launin ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi-baƙi. Ɗan ƙarfe kaɗan ya isa ya rina dutse gaba ɗaya, don haka launi shi kaɗai ba shaidar ƙarfi ba ne. Amma inda tsatsar ta cika gurabun sosai, dutsen yakan yi nauyi da tauri ƙwarai. Akwai mai mannin farar ƙasa, wanda ke da daɗin sassaƙa amma tsami yana cinsa. Na ƙarshe shi ne wanda laka ce kawai ta riƙe shi. Da rani za ka rantse dutse ne. Da ya sha ruwa lakar ta kumbura ta saki, sai ya koma abin da yake tun asali. Wanda ya zube a yatsanka ke nan.

Yamai kuwa Allah ya ajiye ta a daidai kan iyaka, inda tsohon tushen Liptako ya ƙare, kwarin Iwillimidan ya fara. Shi ya sa cikin tafiyar da ba ta kai ta yini ba za ka iya taɓa dutsen yashi iri biyu da ratar ɗaruruwan miliyoyin shekaru a tsakaninsu.

Tsohon shi ne wanda masana ilimin ƙasa suka sa wa sunan birnin, suke ce masa dutsen yashin Yamai. Yana leƙowa nan da can a gefen kogi, wajen Tondibiya da Kare Goru, zaune kai tsaye a kan tsohon tushen. Ya haura shekara miliyan 540, wato ya riga duk wata bishiya ko ciyawa fitowa a doron ƙasa. Mai mannin kwaz ne, shi ne irin wanda guduma ke tsalle a kansa. Malaman sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni, wadda take nan gefenku a Harobanda, sun daɗe suna nazarinsa, suna danganta shi da duwatsun yashin kwarin Bolta na Gana da Burkina Faso. Danginsa ne suka yi mashigin Tapowa a gandun dajin W. In ana maganar tsofaffin duwatsun yashi na yankinmu, a nan ake sa gangaren Banjagara na ƙasar Dogon a Mali, mai tsawon kusan kilomita 150, da dutsen Hombori wanda ya fi kowane tudu tsawo a Mali da mita 1,155.

Wani zai ce yaya aka san shekarun. Cikin yashin akwai wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira zirkon, masu ɗauke da ɗan yuraniyom wanda ke rikiɗewa ya koma dalma bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa. In aka auna yawan wannan da na wancan, an san shekarun ƙwayar, an kuma san dutsen ba zai girmi ƙwayar da ke cikinsa ba.

Ƙaramin shi ne na tuddan da ka sayi fili kusa da su. Masana na kiransa Kontinantal Tarminal, bai kai shekara miliyan 50 ba, kuma shi ne hawa na ƙarshe da ya rufe kwarin. Bai taɓa nutsewa can ƙasa ba balle ya sha matsi sosai, laka ce ta fi yawa a manninsa. Da can shimfiɗa ɗaya ce mai faɗi. Kogi da koramu suka yi ta yankar ta, suka bar tudu nan, tudu can, masu kai a baje, duk tsawonsu kusan ɗaya. Ƴan tuddan nan uku na gefen dama na kogi da ake ce wa Ƴan'uwa Mata Uku irinsu ne, haka ma dutsen da ya ba Dogon Dutsi suna. A Nijeriya hawan nan shi ake kira da sunan Gwandu. Abin da ya hana tuddan narkewa shi ne hular marmarar da ke kansu. Ita ma marmarar ba daga wani wuri aka kawo ta ba: zamanin da ƙasar nan take da ruwan sama fiye da yanzu, damina da rani suka yi ta wanke saman dutsen, komai ya tafi sai tsatsar ƙarfe da ta taru ta daskare. Ƙarfen da ke cikin wannan hawa yana da yawa, har a wajen Sayi an daɗe da sanin akwai tama mai tarin yawa.

Gani ya kori ji. Ka je inda kori ya yanki gefen tudu, ko inda masu haƙa suka buɗe shi, ka tsaya ka duba daga sama zuwa ƙasa. Za ka ga jan ɓawo mai ramuka-ramuka a bisa. Ƙarƙashinsa hawa-hawa ne, wani rawaya, wani ja-ja, wani fari-fari. Ka matsa kusa ka dubi hawa guda: za ka ga siraran layuka a karkace, sun jingina gefe ɗaya, sai wani layi ya yanke su daga sama. Wannan sawun ruwa ne. Kowane layi gaban wata ƴar tudun yashi ce da ruwa ya tura a ƙasan wani kogi da ya ƙafe tun ba a yi mutum ba, kuma gefen da suka karkata nan ruwan ya nufa. A kan tsohon dutsen gefen kogi har gurzar nan mai tudu da kwari da ruwa ke bari a kan yashin kori bayan an ɗauke ruwan sama za ka iya samu, ta daskare. Ka tafi da yaron, zai fi riƙe darasin.

Yanzu mu koma ga gurabun da ke tsakanin ƙwayoyi, domin ni a ganina nan ne babban amfanin wannan dutse ga ƙasarmu, fiye da gini. Manni ba ya cika kowane gurbi. A dutsen yashi mai kyau kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na jikinsa fanko ne. Ka ɗauki dutse mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, in kashi 20 cikin 100 nasa gurbi ne, zai iya riƙe ruwa lita 200, ganga guda cike. Ba duka yake sakewa ba, amma ka lissafa wannan a faɗin dubban kilomita. Ruwan da mutanen Doso da Tawa da Maraɗi da Sakkwato ke sha daga rijiyoyi da fanfunan burtsatse, mafi yawansa daga cikin dutsen yashi yake fitowa. A wasu wurare cikin dallol, wato kwarin tsofaffin koguna, inda laka ta danne hawan mai ruwa daga sama, da an huda sai ruwan ya taso da kansa ba tare da inji ba. Ka kwatanta da Tera, inda giranit ba shi da gurbi sai tsaga: mai haƙa yana iya cin sa'a a nan, ya matsa mita 50 ya fito da ƙura. Filinka yana kan iyakar giranit da dutsen yashi, don haka ranar da za ka haƙa rijiya kada ka dogara da cewa maƙwabci ya samu ruwa, ka sa a yi maka awo.

Man fetur ma cikin irin waɗannan gurabun yake kwana. Ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda mutane ke zato. A Agadem, cikin jihar Difa, man yana jiƙe ne a jikin dutsen yashi, laka ta rufe shi daga sama ta hana shi tserewa. Daga nan ake turo shi matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, daga 2024 kuma ta bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar tekun Benin.

Ga maganar yuraniyom, wadda na san ita ta fi tayar maka da hankali. Ɗanka bai yi ƙarya ba. Yuraniyom ɗin Arlit da Akokan da Imuraren duk cikin dutsen yashi yake, a kwarin Tim Mersoi, yamma da duwatsun Ayar. An fara gano shi a Azelik a 1957. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971 da buɗaɗɗen rami, COMINAK kuma a 1978 ta ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan mita 250, har aka rufe shi a watan Maris na 2021 bayan ya fitar da wajen tan 75,000. Amma yuraniyom ba ɗan gida ba ne a dutsen yashi, shigowa ya yi. Asalinsa daga duwatsun Ayar ne. Ruwa mai ɗauke da iskar da muke shaƙa yana narkar da shi, ya bi gurabun dutsen yashin da shi. In ya iso inda ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye suka binne cikin yashin tun zamanin da, sai su zuƙe iskar, yuraniyom ya kasa zama a narke, ya kwanta nan. Sai an haɗa abu uku ke nan: dutsen da zai ba da shi a kusa, hanyar da ruwa zai bi, da tarkon da zai kama shi. Ko a Arlit ɗin, tan guda na dutse kilo kaɗan yake bayarwa, kamar 2 zuwa 5. Tuddan Harobanda sun yi nisan fiye da kilomita 1,000 da can a hanyar mota, zamaninsu daban, tarihinsu daban. Ka kwantar da hankalinka, ka yi gininka.

Inda tsoron yake da tushe shi ne duwatsun da aka fitar daga ramin ma'adinai aka zubar. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna titunan Akokan ta samu wuraren da turirin ya wuce kima, saboda an yi ciko da irin waɗannan duwatsu. Mutanen arewa suna da haƙƙin a tsabtace musu garinsu, kuma wanda ke zaune can kada ya kuskura ya ɗebi dutse ko ƙarfe daga juji na kamfani ya sa a gida, komai arharsa.

In kana son yaron ya ga abin da dutsen yashi ke iya ajiyewa, ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama. Wasu daga cikin ƙasusuwan manyan dabbobin da ke can, har da na wani kada mai tsawon mita 9 ko fiye, daga Gadufawa aka tono su, cikin dutsen yashin wasu koguna da suka gudana kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, a wurin da yau ko ciyawa babu. A Dabus kuma, tsakanin Agadas da Arlit, mutanen da suka rayu shekara 6,000 zuwa 8,000 baya sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan falalen dutsen yashi, babban ya haura mita 5, har zanen fatarsa ana gani. Sun samu dutsen da ke karɓar sassaƙa kuma yake riƙe ta.

Wannan hali shi ya sa magina a duniya suke sonsa. Da shi Fir'aunoni suka gina yawancin ɗakunan bautar Karnak, a cikinsa aka fafe birnin Petra na Jodan, da jansa Sarki Shah Jahan ya gina Jar Ganuwa ta Delhi da aka gama a 1648, har fadar shugaban Amurka bangonta na asali dutsen yashi ne aka shafa masa farin fenti. A gidajenmu kuwa an daɗe ana wasa wuƙa da lauje a kansa, saboda ƙwayoyin kwaz sun fi ƙarfe tauri, kuma duk wadda ta dakushe takan fita ta bar wa sabuwa wuri.

To, wanne za ka sa a harsashi? Kafin ka biya kuɗin mota guda, ka karɓi ƴan samfura daga ramin da za a ɗebo maka, ba wanda mai sayarwa ya zaɓo ba. Ka murza kowanne da babban yatsa. Wanda ya bar maka yashi a hannu ka ajiye shi gefe. Ka ɗaga sauran ka ƙwanƙwasa da guduma: mai kyau yana amsawa da ƙara siririya, mai ɓoyayyiyar tsaga ko laka kuwa muryarsa a dushe take. Sannan ka auna nauyinsu a busasshe, ka nutsar da su cikin bokiti su kwana su yini, ka sake aunawa. Dutsen kilo 10 da ya ƙara abin da bai kai rabin kilo ba yana da kyau. Wanda ya ƙara kilo guda ko fiye, ko ya gurɓata ruwan, ko gefensa ya yi laushi har farce na kama shi, ba na harsashi ba ne, sai dai ciko. In gidan bene kake nufi, wannan gwajin gida bai isa ba, ka kai samfur ɗakin gwaje-gwajen gine-gine da hanyoyi na ƙasa da ke nan Yamai a matse shi da inji.

Da wannan gwaji za ka ga marmara mai nauyi da dutsen yashi mai mannin ƙarfe sun tsallake, kuma su ne mafi sauƙin samu a wajenku. Tsohon mai mannin kwaz ya fi su duka, sai dai yana cin guduma da ƙarfin mai fasawa, kuma ba ya yarda a gyara masa fuska yadda ake so. Mai laka zai fi araha, za a kuma ce maka ai da shi kowa ke yi. Araha ba ta ado, Malam, musamman a ƙarƙashin bango, inda in abu ya lalace ba ka gani sai ɗaki ya tsage.

Ka gaya wa magini ya kwantar da kowane dutse yadda ya kwanta a ƙasa, layukansa a shimfiɗe. In aka tsayar da shi a kan gefe, nauyi da ruwa za su bi layukan su ɓare shi falle-falle. Harsashin ya ɗago sama da ƙasa aƙalla rabin mita. Kuma tunda dutsen yana da gurabu, danshi na iya hawa ta cikinsa ya kai ga bango, ya zo da gishirin ƙasa wanda ke cin tubali daga gindi. A shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta a kan harsashin kafin a ɗora tubalin farko. Abin kuɗi kaɗan ne, amma sau da yawa shi ake mantawa.

Cutar da dutsen yashi ke yi wa mutum ta gaske ba a cika maganarta ba, ita ce ƙurarsa. In ana fasa shi ko ana yanka shi da injin gurza a bushe, garin kwaz mai laushin da ido ba ya gani yana shiga can cikin huhu ya zauna. Jiki ba ya iya narkar da shi, sai huhun ya yi ta tabo yana ƙanƙancewa. Bayan shekaru mutum ya fara haki da tari, kuma tarin fuka ya fi saurin kama shi. Ba a warkewa, sai dai a hana. Ina ganin mata da yara a bakin ramuka suna fasa tsakuwa daga safe har yamma ba abin da ya rufe musu hanci, kuma abin yana damuna ƙwarai. Masu yi maka aiki amana ce a hannunka: a riƙa zuba ruwa a kan dutsen lokacin yanka, a sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, domin rawani ko ƙyalle ba ya tare wannan garin, kuma a hana yara zama ta inda iska ke kaɗa shi.

Saura abu ɗaya game da filin kansa. Ka guje wa kogi, amma gindin tudu ma yana da nasa ruwan. Marmara ba ta shan ruwa sosai, don haka abin da ya sauka a kan tudu gangarowa yake yi da gudu, in ya samu dutsen mai laka a buɗe sai ya yanka shi. Duk inda aka ɓamɓare hular marmarar aka sayar, nan sabon kori ke farawa, yashin kuma ya ƙare a kogi. Ka dubi tarin yashin da korin Kurtere ya tura cikin kogin Isa sama da gadar Kennedy, za ka ga girman abin. Saboda haka kada ka bari a fasa maka dutse daga tudun da ke bisa gidanka don neman sauƙi, ka sayo daga ramin da hukuma ta ba izini. Kafin a ja igiyar harsashi ka tambayi waɗanda suka riga ka zama a wurin ta ina ruwa ke bi in an yi mamako cikin watan Agusta, ka bar masa hanyarsa. Duwatsun da suka faɗi gwajin harsashi amma ba su narke a bokiti ba, ka jera su layi-layi a gicciye ta saman filin, za su rage wa ruwan gudu su tare maka ƙasa.